Yadda Za Ka Kare Mutuncin Gidanka Idan Jami'a Ta Zo Awon Shara

Ɗan'uwa, in ka ji an yi shela a masallaci cewa mutanen jami'a za su zo garinku su auna shara, kada ka yi dariya irin wadda na yi. Ni Abdulmuttalib, manomin dawa a wani ƙauye kusa da Rusairis ta ƙasar Sudan, na bi matakan nan da ƙafata. Na ba ka tabbaci, in ka bi su daki-daki, cikin kwana bakwai duk garin zai san ƙofar gidanka.

Mataki na 1: Gane inda haɗarin yake

Za su zo da farar mota, da sikeli, da safar hannu. Shugabarsu, Daktora Ibtisam, za ta tara ku a gindin darbejiya ta ce awakinku na mutuwa saboda cin leda, kuma ledar ce ke toshe hanyar ruwa har sauro ya hana ku barci da damina. Gyaɗa kai. Gaskiya ce ai, ni ma bara akuya biyu na rasa. Sannan za ta ce za a ba kowane gida buhu, a riƙa karɓa kullum har kwana bakwai, a zazzage, a ware, a auna, don a san ganga nawa garin ke buƙata da inda za a ajiye su.

Kai kuwa ka ji abin da ba ta faɗa ba: za a baje abin da gidanka ke ci a gaban jama'a.

Za ta ce, "Ba suna a jikin buhu, lamba ce kawai." Kada ka yarda. A garinmu akwai wata tsohuwa, Hajja Huseina, wadda ke gane gidan mutum daga ɓawon albasarsa.

Mataki na 2: Leƙa buhunka kafin su leƙa

Ranar farko na buɗe nawa, lamba sha huɗu. Toka. Kan kuɓewa. Ganyen shayin da aka dafa sau uku har ya yi fari. Rabin silifa.

Matata Ruqaya ta tsaya a kaina. "Haj, me kake nema a ciki?"

"Mutuncinmu."

"To ba ya nan. Kisra, 'yar wainar dawarmu, muke ci da miyar kuɓewa, kowa ya sani."

Kowa ya sani daban, kowa ya gani daban. Ga kuma abin da ya sa hankalina ya tashi: ɗana Saifuddeen, direban tarakta, yana neman auren Widad, 'yar Sodangi dillalin hatsi. Yarinya na so, yaro na so, amma wata huɗu ke nan Sodangi na cewa, "Insha Allah, za mu duba." Da aka zazzage buhu mai lamba tara ranar, sai ga gwangwanin kifi uku, kwalin biskit, da ƙashin kaza. Sodangi na tsaye a gefe, hannu a baya, yana kallon sama kamar bai san buhun ba. Da aka zazzage nawa, toka ta tashi, ɗaliba ɗaya ta yi atishawa. Shi ke nan abin da gidana ya faɗa wa duniya.

Mataki na 3: Samo shara mai daraja

Hau ƙaramar bas zuwa Rusairis. Nemi gidan abinci mai cika da ma'aikata, ka zagaya ta baya. In mai wanke-wanke ya tambaye ka, ka ce na karen gona ne. Zaɓi ƙashin kaza, gwangwanin madara, kwalaben lemo.

Gargaɗi: kada ka ɗauki abin da ba ka iya karanta rubutunsa ba. Maƙwabcina Mato ya tsinci wata leda mai kyan launi a kasuwa ya cusa a buhunsa. Ashe ta kunzugun jarirai ce. Matarsa ta haura sittin. Kwana biyu mata na shiga yi mata barka.

Mataki na 4: Ƙara a hankali

Mai hankali yana ƙara rabin kilo a rana. Wannan shawara ce mai kyau, kuma ban bi ta ba. Rana ta biyu buhuna kilo uku. Rana ta huɗu kilo sha ɗaya, sai da ɗalibai biyu suka kama. Na ji Hajja Huseina na cewa, "Mashallah, ashe Abdulmuttalib ɓoyewa yake!" Wallahi na ji daɗi har cikin ƙashina.

Sai dai ka shirya wa baƙi. Daga ranar, daidai lokacin abincin rana, 'yan'uwan da na shekara ban gani ba suka fara tuna zumunci. Ruqaya ta ajiye musu kisra, su riƙa leƙen bayanta.

"Kazar tana tafe ne, Hajja?"

"Ku tambayi Haj," in ji ta. "Shi ke cinta shi kaɗai. Ni ƙashin kawai nake gani."

Mataki na 5: In ka haɗu da surukinka a bayan gidan abinci, yi sallama

Rana ta biyar, bayan azahar, na zagaya bayan gidan abincin, sai na tarar an riga ni. Mutum ya tattare jallabiya, ya duƙa, yana zaɓen gwangwanaye cikin natsuwar wanda ya saba. Ya ɗago. Sodangi.

"Haj Abdulmuttalib."

"Haj Sodangi."

"Na kare ne," in ji shi.

"Nawa ma."

Ba mai kare a cikinmu, kuma kare ba ya cin gwangwani. Na buɗe buhuna na duƙa kusa da shi. Can ya ce, "To ka ɗauki ƙasusuwan ka bar mini na kifin. Mutane sun saba ganina da su."

A bas muka zauna kujera ɗaya, kowa da buhunsa tsakanin ƙafafu. Sai da muka yi nisa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kasuwar bana ta kwanta, ya Haj. Gidana ma kisra ce safe da yamma. Ba yaronka nake ƙi ba. Kunya nake ji a zo biki a ga abin da zan iya." Na ce ni ma tsoron da ya hana ni barci ke nan. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Ku turo manya ranar Juma'a."

Mataki na 6: Ranar sakamako, zauna a baya

Daktora ta zo da babbar takarda. Ta ce yawancin shararmu toka ce da ɓawo, a haƙa rami a mayar da ita taki. Leda da kwalba kuwa a tara su a ganguna, amalanken jaki ya kwashe sau biyu a mako. Sannan ta ce gida biyu, tara da sha huɗu, an cire su, don sikeli ya yi kuskure a kansu. Allah ya saka wa matar nan. Tun da safe ta ja ni gefe ta ce, "Ya Haj, gidanka ya ci kaza goma sha ɗaya, ba gashin kaza ko ɗaya. Kuma mun sami takardar goge hannu arba'in masu sunan gidan abinci."

Sai Hajja Huseina ta miƙe. "Wane kuskure? Da idonmu muka gani! Masu shara da yawa su suka san ta. A kai babbar ganga ƙofar Abdulmuttalib, a ba shi shugabancin lajna, kwamitin sharar gari, Sodangi ya zama mataimaki."

Aka yi tafi. A nan zaɓi biyu gare ka: ka tashi ka ce ƙasusuwan aro ne, ko ka karɓa. Na dubi Sodangi, ya dubi ƙasa. Na tashi na yi godiya.

Mataki na 7: Saba

Yanzu kullum bayan asuba ina bakin ganga da safar hannu, ina raba leda da toka, surukina na riƙe mini buhu. An yi bikin da kisra, ba wanda ya mutu. Daminar bana ruwa ya wuce ta hanyarsa, akuya ko ɗaya ba ta faɗi ba, kuɓewar Ruqaya kuma ta sha taki har ta fi ni tsawo.

Sanarwa

Marubucin nan ba shi da alhakin ƙudaje, ko baƙin abincin rana, ko muƙamin da ba a sauka daga kansa. Ya yi alkawarin za a san gidanka, bai ce da me ba. Mai ƙorafi ya same shi a ƙofar gida da sassafe, amma ya zo da shararsa a ware. In leda ta haɗu da toka, ba za a saurare shi ba.