Sakan Arba'in da Ɗaya

"Lafiya lau muka tashi, har zuwa lokacin da ka shigo," in ji Kaka, ko kai ba ta ɗago ba.

Wanda ake wa wannan maraba jikanta ne, injiniya a ofishin tsara birni. Ni tela ne, shagona a jikin gidan yake, kuma ban taɓa jin gaisuwarsu ta ƙare lafiya ba. Tun da gari ya cika ya batse aka faɗaɗa titin gabanmu, Kaka ta daina tsallakawa. Ƙanwarta tana can ɗaya hannun, ciwon ƙafa ya kwantar da ita, wata biyar ba su ga juna ba. An yi gadar sama, amma matakala talatin sun fi ƙarfin gwiwar tsohuwa. Abin yana cin ta a rai, ina gani. Sai makon jiya aka kafa danjar masu tafiya a ƙasa.

"Amarya, fushin me kuma? Na kawo miki danja har ƙofar gida."

"Rufe min baki, mijin banza. Asirinka ya tonu. Ranar da ka ce mu zaga filin makaranta don jinina ya motsa, ashe auna ni kake yi kamar buhun siminti."

"Wa ya faɗa miki?"

"Mai ɗaura fitilar. Yana ganina ya ce, 'Au, ke ce Sakan Arba'in da Ɗaya?' Sunan da ubana ya raɗa min ya ɓace, na koma lamba."

"Ai girma kika samu. A takardar farko sakan ashirin kawai aka ba masu tsallakawa. Na ce ina da wata tsohuwa a gida, in ta fara yau sai jibi ta isa."

"Suka yarda da ƙaryarka?"

"Ina fa. Sai da na kunna musu bidiyonki. Oga ya ce, 'Danna mana, ya tsaya.' Na ce, ranka ya daɗe, ai tafiya take yi."

"Ni? Ni da na bi mota a guje da ubanka a bayana har na kamo ta?"

"Na ji labarin. Lalacewa ta yi, tura ta ake yi."

"Ji ɗan nema. Kai da ka shekara biyu kana rarrafe? Da kai aka auna, da motocin sun yi tsatsa suna jira."

"To ni dai ba a sa ni a takarda ba. Ke kuwa, duk danjar da za a kafa kusa da asibiti ko kasuwa, da tafiyarki za a saita ta. Direbobi dubu za su riƙa jiran ki kullum."

"Su jira. Ni ma na jira su wata biyar."

Nan wasan ya ɗan lafa. Ya tsuguna a gabanta, ya rage murya.

"Kin je?"

"Jiya. Da ƙafata, ba wanda ya riƙe ni. Ƙanwar tawa tana ganina ta fashe da kuka, wai ta ɗauka sai dai a kawo min labarinta."

Ni kaina sai da na tsayar da keken ɗinki. Kaka ta goge ido da bakin mayafi, ta yi maza ta ɗaure fuska.

"Amma aikinka da gyara. Ina kallon lambar da ke jikin danjar, daga arba'in da biyar ta fara. Ina ka samo ƙarin huɗu?"

"Da gangan na sa. Na san ba za ki tsallaka ba sai kin tsaya kin harari direba."

"Biyu na harara."

Dariyar da take dannewa ta ƙwace mata. Ta kwance bakin zani ta ciro wani tsohon agogon hannu, ta cusa masa a tafi.

"Ungo, na kakanka ne. Shekara arba'in yana jirana da shi a bakin ƙofa, bai taɓa kai ƙarata ofis ba. Ka gama min komai, Allah ya yi maka albarka."

Ya ce amin, ya duba agogon, ya duba wayarsa.

"Kaka, ai yana baya da minti goma."

"Daidai yake. Shi ma da ni aka saita shi."