Hoton Jika

Wani ne, bawan Allah, ba shi da mugunta, sai dai kansa kamar tulun da ba a zuba wa ruwa ba. Matarsa tela ce, tana da babbar kwamfuta a falo, an haɗa mata da firinta. Shi kuma tasa ƙarama ce, ta ɗorawa a cinya. Mai gyara ya haɗa su ta iska, ya ce duk abin da za a buga sai ya bi ta babbar.

Ran nan surukinsa ya zo ganin jaririn da suka samu. Zai koma, mota na jira, ya ce a ba shi hoton jikan ya kai wa matarsa da ciwon ƙafa ya hana zuwa.

Gogan ya ce, "Baba, kafin ka sa takalmi ya fito."

Ya danna maɓallin bugawa a kwamfutarsa. Shiru. Ya sake dannawa. Firinta ko tari ba ta yi ba.

Matar ta ce, "Maigida, kunna tawa. Ta nan yake bi."

Ya ce, "A gaban Baba? Saƙona ya bi ta hannunki? Ni ke aurenki ko ke ke aurena?"

Ya ce ƙofa ce ta tare hanya. Ya wangale ƙofa, ya yaye labule, ya kashe fanka kada ta kaɗa hoton ya faɗa gidan maƙwabta. Ya danna, ya danna, har yatsa ya yi zafi.

Direba ya yi hon. Tsoho ya sa takalmi, ya cire, ya sake sawa.

Sai gogan ya ɗauko kwamfutarsa, ya durƙusa gaban firinta, ya juya mata hoton.

"Kalle shi da kyau. Ga hanci, ga kunne. Zana kawai aka ce ki yi."

Matar ta ce, "Yi mata sallama tukuna, wataƙila fushi take."

Wallahi sai da ya yi.

Tsoho ya gaji. Ya miƙa sandarsa ya dunguri maɓallin babbar kwamfuta. Can sai firinta ta yi gyaran murya, ta fara aiki. Ashe duk dannawar nan tana lissafe. Jariri ya fito, wani ya biyo shi, wani na tura wani, suna zubowa kan tabarma, har ƙarƙashin kujera.

Gogan ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Ka gani, Baba? Lallashi take so. Ni na san halin kayana."

Tsoho ya ɗauki guda ya sa a aljihu, ya dubi sauran da ke ta fitowa.

"Kashe ta haka, ɗana. Guda ɗayan ma da ƙyar kake ciyar da shi."