Zomon Jikata

Na yi renon 'ya'ya a Hartum da Jidda, ina jin harsuna biyar. Don haka da ɗiyata Zainab ta zo daga Jamus da 'yarta mai shekara biyu, na ce ta tafi gaishe-gaishenta, ni zan kula da amaryata.

Yarinyar tana da wani zomon tsumma mai kunne ɗaya, duk dauɗa. Zainab ta ce, "Baba, ba ta barci sai da shi."

Na ce a raina sangartar Turawa ce; a Sudan goyo ya isa. Jikata ba za ta riƙe tsumma gaban baƙi a unguwarmu ta Ƙofar Durɓi ba. Na jefa shi a shara, na sayo sabo a Babbar Kasuwa.

Kallo ɗaya ta yi masa ta wurgar. Na lallashe ta da Larabci, da Faransanci, har da guntun Jamusancina, kuka sai ƙaruwa.

La'asar ta same ni a bola cikin babbar riga, ina tono da sanda, maƙwabta suna yi mini sannu da aiki. Na dai samo shi.

Har yau, in mai kwashe shara ya yi sallama, matata takan ce, "Alhaji, abokin aikinka ya iso."