Kun Sa Mana Ƙarshen A Farko

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Sabunta Tsoffin Finafinai, Allah ya ƙara wa ofishinka sanyi, ya ƙara wa ma'aikatanka natsuwa.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙarami ke yi wa babba, da fatan iyali suna lafiya, da fatan kuma wanda ya haɗa muku sabon fim ɗin nan ya samu sauƙi.

Ranka ya daɗe, ni malamin koyar da tuƙi ne. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina kujerar mai zaman banza, ina koya wa bayin Allah bambancin giyar gaba da ribas. Saboda haka in na ce an yi abu a baibai, ba da ka nake magana ba. Ina rubuto maka ne kan fim ɗin da kuka sabunta bana, na mutum biyar da suka hau kumbo suka tafi haƙar ma'adinai a wata duniya. Ban san sunan da kuka raɗa masa da can ba, domin a kaset ɗinmu babu wurin da aka rubuta suna. A layinmu Mai Ido Bakwai muke ce masa.

Gaggawar ita ce, ranar Asabar ɗin nan jikoki za su kunna wa Innata sabon naku a babbar talabijin. Ta ji labarin fitowarsa, har ta sa an goge mata tabarau. Shekarunta saba'in da takwas. Ni na riga na gani, kuma ina so a gyara shi kafin ita ta gani. Yau Talata.

Don kada ka ɗauke ni ɗan shisshigi, ga yadda fim ɗin ya zama namu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo da bidiyo ne, shagonsa a jikin gidanmu. Wani mutum ya kawo bidiyo gyara, kaset ya maƙale a ciki, shi kuma bai sake waiwayo mu ba. Baba ya ce mana injin ya tauna zaren, don haka ya kwance kaset ɗin da sukudireba, ya yanke inda ya lalace, ya liƙe da jan farcen Inna. Daga nan duk Asabar da yamma sai mu toshe taga da bargo, yaran layi su cika falo har bakin ƙofa. Ina da shekara bakwai, Yayana yana da goma. Ni a bayan Yaya nake kallo, na damƙe rigarsa, ido a rufe, yana ba ni labarin abin da ke faruwa. In ya ce, buɗe ido an wuce wurin, sai in buɗe in yi ido huɗu da dodon. Ido tara, in za a bi lissafi. Ya yi mini haka ya fi sau hamsin, ban taɓa yin wayo ba.

To ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya, kuma shi ne uwa uba. Kun sa ƙarshen fim ɗin a farko. Kowa a layinmu ya san yadda labarin yake. Ana farawa suna cikin kumbo, dodo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage mai dafa abinci shi kaɗai a bayan ƙofar ƙarfe. Sai duhu. Sai hoto ya ɗan yi yayyafi. Sai ga rana ta fito, ga su su biyar cif a filin jirgi, matansu sun rungume su suna kuka, yara suna tsalle, kyaftin ya ɗaga 'yarsa sama. A nan ake tashi, kowa ya tafi gida da ƙarfin gwiwa. Ku kuwa sai kuka ɗauko wannan rungumar kuka fara da ita, kuka ƙare a bakin ƙofar ƙarfe, kuka hau rubuta sunayenku. Na zauna har sunayen suka ƙare ina jiran rana ta fito. Shin, ranka ya daɗe, babu babba ko ɗaya a ɗakin ranar da aka yi wannan aiki?

Na biyu. Dodonku ya cika tsafta. An ce mini da kwamfuta kuka zana shi, kuma Allah ya sani kun yi ƙoƙari, har jijiyoyin wuyansa ana gani. Amma namu ƙato ne a cikin rigar roba, zif ɗin bayansa a fili, a wani wurin ma har da agogo a hannu, idonsa na bakwai yana reto kamar maɓallin da ya kusa tsinkewa. Duk da haka wata uku na yi ba na shiga banɗaki sai Yaya ya tsaya a ƙofa yana fito, don in san yana nan. Autata ta kalli naku tana yanke farce.

Na uku. Wa ya ce ku fassara? Da can Turancinsu suke yi da hanci, ba mai ji, kowa na zaune lafiya. Yanzu kun sa musu magana a baki. A wurin rungumar nan matar kyaftin tana cewa ya kula da kansa, ya dawo da wuri. Ina aka taɓa ce wa wanda ya dawo ya dawo da wuri? Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka mai fassararku bai kalli fim ɗin ba.

Na huɗu, kuma a nan ina roƙon a yi mini uzuri in murya ta ɗan ɗaga. Kun jawo an taɓa mutuncin mahaifina a cikin gidansa. 'Yata ta fari, wadda nake ɗauka mai hankali ce, ta dube ni a gaban ƙannenta ta ce wai ko Kaka ne ya liƙa zaren a juye. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyara, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ta kawo hujjojinta. Wai dodo ya cinye hannun kyaftin, ya aka yi ya ɗaga 'yarsa da hannu biyu? Na ce wannan Yaya ya warware shi tun muna yara, asibitinsu ba irin namu ba ne. Ta ce to me ya sa suke ɗauke da jakunkuna suna nufar kumbon maimakon su baro shi? Na ce Baba da kansa ya yi bayani, mantuwa suka yi. Ta ce su biyar duka? Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi, amma irin tashin wanda ya ci gardama. Tun ranar nake ba ɗalibaina umarni a juye, shekaranjiya na sa wata baiwar Allah ta shiga kwata da baya.

Na biyar. Wannan ba na son faɗa, amma ba a ɓoye wa likita ciwo. Shekara ashirin da uku da suka wuce Yaya ya samu aiki a jirgin ruwa. Ni na ɗaukar masa jaka zuwa tasha. Shi ba mai son runguma ba ne, dungure mini kai ya yi, ya ce in riƙe gida kafin ya dawo. Wasiƙa biyu muka samu, daga nan shiru. Mun tambaya inda ake tambaya, har da inda ba a tambaya. Bayan rasuwar Baba, ni da Inna muka ci gaba da kunna kaset ɗin duk Asabar, har hoton ya koɗe, har zaren ya tsinke inda ba ya liƙuwa. Har yau muna gidan, ba mu tashi ba, ɗakin Yaya yana nan da katifarsa. Ka gane ke nan, ranka ya daɗe. Tsohuwar da ta yi shekara da shekaru tana kallon mutanen da aka fitar da rai da su suna dawowa gida, ba za ka zaunar da ita ka nuna mata cewa sallama suke yi ba. Aikin ba shi da yawa. Minti goma sha ɗaya ne. A cire daga gaba a mayar baya.

A nan na tsaya jiya. Yau Laraba nake ƙarasawa, kuma ina neman afuwa in rubutun ya ɗan karkace.

Ɗazu da rana Inna ta same ni a teburin cin abinci da takardun nan, ta tambayi wa nake kai ƙara. Ban iya yi mata ƙarya ba, ban taɓa iyawa ba. Ta ce in karanta. Na karanta tun daga gaisuwa. Ta yi dariya a wurin kwata, ta ce dama ni ban taɓa iya ribas ba. Da na kai ƙarshen na biyar sai ta cire tabarau ta ajiye.

Ta ce, “Babanku bai yi kuskure ba, kuma injin bai tauna komai ba. Mun kalla mu biyu kafin ku taso makaranta. Na san ba za ku bar mu mu huta ba sai kun gani, na ce masa 'ya'yana ba za su ga wannan abu a haka ba. Ni na ce ya yanke gaban ya mayar baya. Ni na riƙe masa zaren.”

Na ce to Asabar ɗin da muka yi ta zama fa, da gidan da ta ƙi bari?

Ta ce, “Ni na ƙi bari? Yayanka na daɗe ina yi masa addu'ar waɗanda suka riga mu. Kai nake taya zama, in ba haka ba me zan kalla a jikin ƙato mai zif? Jira nake ka gama.”

Daga nan ta tambaya ko an sayo mata maganin ƙafa, ta koma ɗaki.

Na zauna na bi abin daki-daki kamar yadda nake bin kuskuren ɗalibi, na tarar tana da gaskiya. Ni ne na ce gidan da matata ta samo mana kusa da makarantar yara ba shi da iska. Ni ne na sa aka sake fentin ƙofa da launin da yake da shi ranar da Yaya ya fita, don kada ya wuce bai gane ba. Ni nake shanya katifar. Duk wanda ya tambaya sai in ce Inna ce. Ina kewar ɗan'uwana, ranka ya daɗe, kuma sai yau aka bar ni da kewar ni kaɗai.

Saboda haka na janye kokena na ɗaya da na uku da na huɗu, kuma zan ba 'yata haƙuri in na samu fuska. Na biyu yana nan, dodonku bai yi ba. Inna ta ce ranar Asabar za ta kalli naku yadda yake, ai ta taɓa gani.

Saura roƙo ɗaya, kuma na san ba ni da hujja a kansa. In akwai wani a kamfaninku da ke da almakashi da ɗan lokaci, a yi mini kofi guda tak, a mayar da minti goma sha ɗayan nan baya. Ba don kasuwa ba, ba kuma don Inna ba. Ba sai Asabar ba, duk sa'ad da aka samu sarari. Adireshina yana bayan ambulan, kuma kada a ji tsoron ko na tashi.

Naka mai biyayya, wanda ko a titi ya hango motarka zai kauce ya ba ka hanya,

Malamin tuƙi,
Ƙanen Yaya.