Kafaɗar Wanzami da Girar Dakta Maiwada

"Ni fa daga nesa nake karanta ciwo," in ji Maiwada, yana bugun ƙirji. "Mutum ya taso daga garin Furana, kafin ya yi sallama na san abin da ke damunsa!"

Abokina, kar ya ruɗe ka. Duk likitancin Dakta Maiwada na Nasarawan Doya bai wuce sharar wata uku da ya yi a wani kemis a Zariya ba.

To, ana nan sai Ukasha wanzami, magidanci mai shekara arba'in da biyar, kafaɗarsa ta fara zabura rana tsaka, ido na ƙyaftawa ba da izininsa ba. Wanzami da zabura! Masu aski suka watse, har surukinsa ya koma tara suma. Ukasha ya zo wurin Maiwada hankali a tashe.

"Dakta, askar nan ce abincina. Me ya same ni?"

"Goro ne!"

Ukasha ya bar goro kwana bakwai. Kafaɗa ba ta fasa ba, ga hamma ta ƙaru.

"Af, rashin barci ne."

Ya yi ta barci har matarsa Mukarrama ta riƙa duba ko yana numfashi. Yana tashi, kafaɗa ta ɗora daga inda ta tsaya.

"Ka taɓa buguwa a ka?"

"Ina ɗan shekara biyar jaki ya kayar da ni."

"Shi ke nan, jakin ne!"

"Bayan shekara arba'in, Dakta?"

"Jaki ka taɓa ganin yana sauri? Ƙwayar tashin zuciyar nan da nake ba ka tun damina, ninka ta."

Ranar kasuwar Makarfi, gogan naka ya tara jama'a, ya ce ya warkar da Ukasha, kuma kansa Ukasha zai fara askewa kowa ya shaida. Ya zauna yana hura hanci. Aska ta zo goshi, kafaɗa ta ce fizgit! Girar dama ta tafi ɗungurungum. Wallahi har masu rake sai da suka bar kayansu suka zo kallo.

Mukarrama ta ce ya isa haka, sai asibiti. Maiwada ya danno hula har ido ya bi su, wai zai yi wa likitar, abokiyar aikinsa, bayani.

Likitar ta duba Ukasha, ta ce, "Malam, abubuwa da yawa na kawo wannan ga babba. Akwai damuwa, akwai buguwar kai ko ciwon ƙwaƙwalwa, wani tun yarinta yake da shi ya dawo. Wasu magunguna ma suna jawo shi. Me kake sha?"

Ukasha ya miƙa ƙwayar, ya ce wata biyar ke nan yana sha. Ta juya kwalin, ta yi salati.

"Wata biyar kana shan wannan? Ga sanadin nan! Wane jahilin ne ya ba ka?"

Sai idon Maiwada, na ƙasan girar da babu, ya fara ƙyaf-ƙyaf-ƙyaf.

"Subhanallahi, shi ma ɗan rakiyar? A yanka masa kati."

"Bar shi, likita," in ji Ukasha. "Nasa ko ni wanzami na san sanadinsa."