Rasuwar 'Yar Baƙa, Ƙotar Bindigar Malam Sharhabilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da aka tilasta wa murmushi, Malam Sharhabilu maharbi, na wani ƙauye gabas da Kafin Hausa, yana sanar da 'yan'uwa maharba da abokan arziki rasuwar ƙotar bindigarsa, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce a shagon wani kafinta da ke Limawa, cikin Dutse, tana da shekara saba'in da 'yan kai.

Mahaifinsa, marigayi Sarkin Baka Marwa, shi ya sassaƙa ta da hannunsa daga itacen maɗaci. Ba kyakkyawa ba ce, gaskiya ɗaya ce. Zufa da man kaɗanya da hayaƙin albarushi sun mayar da ita baƙa wuluk kamar gindin tukunya. Amma ba ta taɓa ba mai ita kunya ba. Ta sha rana, ta sha ruwan sama, sau biyu tana faɗawa fadama ta fito ba ƙorafi. Maganarta ɗaya ce a duniya: in an kafa ta a kafaɗa sai ta ce ƙiiƙ, a hankali. Fakarun yankin duk sun san muryar, sai dai sukan ji ta a makare.

A gefenta na hagu akwai wani ɗan gurbi, inda kuncin Sarkin Baka ya cinye itacen cikin shekara arba'in na saiti. Tsohon bai bar hoto ba, don ya ƙi jinin masu hoto har ya koma ga Allah. Gurbin nan ne kaɗai ya rage daga jikinsa, kuma duk sanda Malam Sharhabilu ya ɗora kuncinsa a wurin, sai ya ji kamar uban nasa ya taɓa.

Jinyar ta faro ne da wata tsaga a wuya. Malam Sharhabilu ya ɗaure ta da ɗanyar fatar akuya, fatar ta bushe ta matse, aka ci gaba da lallaɓawa har shekara uku. Bana, ana gab da fita farautar rani, 'yarsa Mu'minatu, malamar makaranta da ke aure a Dutse, ta zo ganin gida. Ta rantse ubanta ba zai shiga taron maharba da bindiga mai bandeji ba. Ta yi ta magiya har ya kwance ƙotar ya ba ta, ita kuwa ta kai wa kafintan da ya yi mata gadon aure.

Kafintan ba mugu ba ne, gwani ne ma, nan matsalar take. Ya cike tsagar da gam ya matse, har nan ba wanda zai ce ya yi laifi. Sai idonsa ya kai kan gurbin, ya ɗauka lahani ne, ya sa sanfefa ya goge har ya baje. Daga nan ya feshe ta da fenti ruwan zuma mai sheƙi, irin na kayan ɗakin amare.

Mu'minatu ta kawo ta naɗe a sabon zane, bakinta har kunne. Ta ce, "Baba, buɗe ka gani. Wallahi ba za ka gane ta ba!"

Ba ta yi ƙarya ba. Ya mayar da ƙotar jikin bindiga, ya kafa a kafaɗa, bai ji ƙiiƙ ba. Ya ɗora kunci, kuncin ya zame. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Allah ya yi miki albarka, uwata." Sannan ya tashi ya tafi duba awakin da ba abin da ya same su.

Marigayiyar ta bar bututu ɗaya da ya riga ya ga jiya ya ga yau, da kunama, da maratayin fata, da burgamin da ya fi ta tsufa. Ta kuma bar kare guda, Duna, wanda ya shinshina sabuwar sau ɗaya ya yi atishawa ya koma inuwa.

Game da jana'iza, Malam Sharhabilu ya hau mota har Dutse ya roƙi kafinta garin katakon da aka goge. An sharo masa leda guda, haɗe da garin gadaje biyu da wata kujera, ya ce ba komai, tana ciki. Za a binne ranar Juma'a bayan sallar La'asar a gefen gonarsa, zaman makoki kuma kan dakalin ƙofar gida, kowa ya zo da goronsa.

Sai dai akwai roƙo ɗaya. Mu'minatu za ta zo ranar don ta ga fitar ubanta farauta da sabuwar ƙota, kuma har yanzu ta ɗauka murna yake yi. Duk wanda ya tarar da ita a wurin, ya ɗauki bindigar ya jujjuya, ya ce kai, sambarka. Wanda ya san ba zai iya riƙe bakinsa ba ya yi zamansa a gida, an yafe masa ta'aziyyar.