Tukwicin Nomau

Ga wata nan tafe, ku gyara zama.

A ƙauyen Tungar Marke an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne, ga ƙarfi, ga haƙuri, ga fara'a, sai dai yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ya miƙe da ita sak har inda ta ƙare. Mutanen gari wawa suke ce masa. Ni dai ban ce ba, don na sha ganin masu wayon da ba su kai shi amana ba. Su uku ne a gidan: shi, da tsohuwarsa Inna Yalwa, da 'yarsa Shatu mai shekara biyu da rabi. Matarsa Marka ta rasu bara da kaka, kuma tun daga nan shi ke dama wa Shatu kunu, shi ke goya ta zuwa gona, a ƙirjinsa take barci. Dukiyarsa kuwa ba ta da wuyar faɗa: jaki ɗaya, akuya ɗaya, kaji uku da rumbun gero.

Azumi na kamawa sai ga saƙo daga Funtuwa. Yayarsa Balaraba za ta zo sallah, kuma in za ta koma da Shatu za ta koma, don a cewarta Inna ta tsufa, Nomau kuwa shi ma riƙo yake buƙata. Inna ta kira shi ta zaunar da shi.

"Ka ji abin da yayarka ta ce. In kana son 'yarka ta zauna, sai ta zo ta tarar ka iya zama da mutane. Abin da na gaya maka shi za ka yi."

"To, Inna," in ji Nomau, ya ƙara rungume Shatu.

Wata rana dab da shan ruwa, maƙwabciyarsu Iya Dubu mai ƙosai ta kawo musu ƙosai a kwano. Nomau ya karɓa, ya yi godiya, ya juya abinsa. Inna ta ce, "Kai, ba haka ake yi ba. Duk wanda ya kawo maka abu, ka ba shi tukwici. Kuma tukwici gwargwadon kyauta ne: ƙarama a ba da goro, babba a ba da abin da ya fi goro." Nomau ya riƙe wannan gam. Kashegari kaza ta yi ƙwai, ya durƙusa ya ajiye mata ɓarin goro, ya ce Allah ya saka da alheri. Jaki ya kawo ruwa daga rijiya, shi ma ya samu nasa. Da la'asar sai ga Malam Barmo ladan, ya jawo akuyar Nomau ta kunne yana huci, don ta shiga lambunsa ta cinye masa rogo. Kafin ya buɗe baki Nomau ya ce, "Akuya sukutum! Wannan ta fi goro." Ya kamo kaza ɗaya ya danƙa masa. Malam Barmo ya dubi kaza, ya dubi Nomau, faɗan da ya ƙullo tun daga lambu ya kwance masa, ya tafi yana dariya da kaza a hammata. Inna ta dafe kai ta ce, "Akuyar ai taka ce!" Nomau ya ce, "Tawa ce, Inna, amma shi ya kawo."

Wata rana, saura kwana biyar sallah, Nomau ya tambayi Inna me zai kai wa dattawan unguwa goron sallah. Inna tana tankaɗe, ta ce, "Kyauta mai daɗi ita ce ka ba mutum abin da ba shi da shi." Nomau ya zauna gindin marke ya yi ta nazarin dattawa ɗaya bayan ɗaya. Malam Barmo mai sanƙo ne, kansa tas kamar bayan ƙwarya, don haka Nomau ya je wurin wanzami ya share gashin da aka aske ranar, ya ƙulle a tsumma mai tsabta. Baba Cindo ba shi da haƙori ko ɗaya, sai ya je mahauta ya roƙo muƙamuƙin rago, ya wanke shi da toka har yana ƙyalli. Ya kai wa kowa nasa, ya durƙusa da ladabi. Malam Barmo ya kwance ƙulli a gaban jama'a, iska ta kwashe goron sallarsa ta watsa wa mutane a ido. Baba Cindo kuwa ya juya muƙamuƙi, ya ƙirga haƙoran da yatsa, ya ce, "Ɗan nan, shekara ashirin ba wanda ya tuna da ni ta wannan fanni." Ya yi dariya har dasashinsa duka a waje, kuma an ce bai yar da shi ba, a bakin taga ya ajiye.

Wata rana, jajiberin sallah, Inna tana fama da suyar cincin, Shatu kuma tana ta kai hannu wajen murhu. Inna ta ce, "Fita da ita. Amma gari cike yake da mutane, duk inda ta sa ƙafa ka sa taka." Shatu ta fita da 'yar tafiyarta ta agwagwa, ƙaton ubanta na biye, yana duba sawunta a ƙasa yana ɗora nasa a kai. Ta taka kashin shanu, ya taka. Ta zaga turmi sau uku, ya zaga. Can ta ji hayaniya a gidan maigari, ta kutsa ciki, ya bi ta. Ashe matan unguwa ne suka taru ƙunshin sallah, kowace ta miƙe ƙafafu an ɗaure da lalle, ba mayafi, ba halin gudu. Aka ɗauki salati, masu jan gindi na yi, masu rufe kai da faifai na yi. Nomau bai ko dube su ba, idonsa na kan sawun Shatu. Ita kuwa ta hango 'yan tsaki, ta rarrafa cikin akurki. Ya sa ƙafa, ya sa kai, kafaɗa ta maƙale. Sai da aka kira maza biyu suka ja shi ta baya. Ya fito da gashin kaza a gemu, Shatu a hannunsa ko ƙwarzane babu, tana ƙyalƙyala dariya. Da yamma Balaraba ta sauka daga mota, kuma labarin da ya fara tarar ta ke nan tun kafin ta sha ruwa.

Balaraba ba muguwa ba ce. Mace ce mai tsari, wadda ta yi shekara goma sha biyar a gidan miji ba ta samu haihuwa ba, kuma tana ganin Shatu idonta ya ciko. Ta zo mata da riga fara mai fulawa, da takalmi, da ɗan kunne. Ranar sallah da hantsi aka shirya zuwa gaisuwa gidan maigari, inda dangi da baƙi ke taruwa. Balaraba ta sa wa Shatu rigar da hannunta, ta ce, "Nomau, ni da Inna za mu yi gaba. Ka taho da ita, kuma kada ka bari rigar nan ta yi datti."

"To, Yaya."

Suna fita ya dubi rigar, ya dubi Shatu, ya tuna akurki. Sai ya tuɓe mata ita a hankali, ya ninke, ya sa a faifai, ya ɗora a ka. Suka bi ta bakin rijiya, Shatu ta yi wanka da taɓo son ranta, aka ba ta alewa ta shafe fuska. Haka suka yi sallama a tsakiyar taro, kowane yaro fes da sabon ɗinki, 'yar Nomau daga ita sai ɗan kamfai. Ya sauke faifai gaban yayarsa yana murmushi.

"Ga ta, Yaya. Ko ƙura ba ta taɓa ta ba."

Taro ya fashe da dariya. Balaraba ba ta yi ba. Kunya ta rufe ta, ta ɗauki Shatu ta naɗe a mayafinta, ta ce wa Inna a hankali, "Kin gani da idonki. Jibi zan tafi da ita." 

Ranar da aka gaya masa, Nomau bai yi gardama ba, don bai iya ba. Ya tafi bayan rumbu ya zauna kusa da jaki, ga tuwon sallah har ya huce bai taɓa ba. Inna ta same shi yana share ido da hula, tausayinsa ya kama ta, ta faɗi abin da ake faɗa wa kowa.

"Yi haƙuri, ɗana. Wata rana za a kawo maka ita."

"Za a kawo ta, Inna?"

"Za a kawo ta."

Ya gyaɗa kai, ya ja kwanon tuwo ya ci loma biyu.

Wata rana, ita ce ranar tafiya, mota ta tsaya ƙofar gida, maƙwabta suka fito rakiya, har da Iya Dubu da Baba Cindo. An sa jakar Balaraba a mota, an sa ƙullin kayan Shatu. Nomau dai yana bayan rumbu bai fito ba. Balaraba ta ga bai kamata a raba uba da 'ya ba sallama ba, sai ta saɓa Shatu a kafaɗa ta zaga wurinsa, jama'a na biye.

"Nomau, ga ta na kawo maka ita, ku yi..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya miƙe zumbur, fuskarsa ta washe, ya karɓi Shatu da hannu biyu.

"Inna! An kawo ta! Kin ce wata rana, ashe yau ce!"

Ya laluba aljihu ya zaro goro fari guda ya miƙa wa yayarsa. Ita kuwa 'yar garin ce, hannunta ya riga hankalinta, ta karɓa. Nomau ya dubi goron, ya dubi Shatu, ya girgiza kai. "A'a, wannan ta fi goro." Ya ɗora Shatu a wuya, ya kamo kajin nan biyu da suka rage ya ajiye gaban Balaraba. Ya sake dubawa, ya kwanto akuya. Ya kwanto jaki ya sa mata igiyar a hannu. Ya buɗe rumbu ya ce geron duka nata ne. Ya shiga ɗaki ya fito da fartanyarsa, da tabarmarsa, da rigar sallarsa, ya cire hula da takalmi ya ɗora a kai. Da farko mutane dariya suke yi, amma kafin ya kai ga takalmi wurin ya yi tsit. Ya tsaya ƙafa ba takalmi, Shatu na riƙe da kunnuwansa, ya ƙare wa tulin kallo, damuwa ta bayyana a fuskarsa.

"Yaya, ki yi haƙuri. Inna ta ce tukwici gwargwadon kyauta ne. Na san bai kai ba, amma iyakar abin da nake da shi ke nan. In an yi girbi zan ƙaro."

 Sai Iya Dubu ta matso ta dafa Balaraba.

"'Yar nan, goro dai ga shi a hannunki. Ni kuwa na tsufa a garin nan, ban taɓa ganin wanda ya karɓi tukwici ya koma da abin da ya kawo ba."

Balaraba ta dubi goron, ta dubi ƙanenta, sai hawaye. Ta daɗe tana kuka, Inna na taya ta. Da ta share ido ta saki igiyar jaki, ta ce a sauke ƙullin Shatu daga mota.

"Mayar da kayanka, Nomau. Goron ya ishe ni. Amma da Babbar Sallah ku zo min Funtuwa, kai da ita, ku yi min wata guda."

"To, Yaya. In na kawo miki ita za ki ba ni tukwici?"

"Allah ya tsare ni! In ba ka tukwici ka bar min ita, ka dawo nan kana kuka bayan rumbu?"

Mota ta tashi, Shatu na ɗaga hannu daga wuyan ubanta. An ce Balaraba ba ta ci goron nan ba, ta ƙulle shi a bakin zane ta kai shi Funtuwa, ya bushe a cikin akwatinta.

Nan ta tsaya, ƙurunƙus. Na kawo muku ita har gida, saura tukwicina.